Manong Teryo, Mai Buga Gora

Shekara ashirin da shida Eleuterio Cabaltera ya yi yana durƙusawa kowace Juma'a a wani rumbun ajiyar kaya da ke unguwar masana'antu ta Shuwaikh, a birnin Kuwait, riƙe da bakin sandunan gora biyu, mutane suna tsalle a tsakaninsu. Shi kansa bai taɓa taka rawar a gaban jama'a ba. Aikinsa bugu ne: sau biyu a ƙasa sandunan suna buɗe, sau ɗaya a haɗe su, ƙas! Mai rawa ya jefa ƙafarsa cikin ratar, ya zare ta kafin a rufe. Haka rawar tinikling take tun kaka da kakanni, kuma duk ɗan Filifin da ya tashi a tsibirin Leyte ya san ƙafar mai rawa amana ce a hannun mai bugu. Abin da Manong Teryo, wato Yaya Teryo, kamar yadda kowa ke kiransa, yake tinƙaho da shi shi ne, a duk tsawon shekarun nan sandarsa ba ta taɓa matse idon sawun kowa ba. Abin da bai gaya wa kowa ba kuwa shi ne, ya daina jin kiɗan.

An haife shi a wani ƙauye da ke maƙale tsakanin fadamun shinkafa da teku. Mahaifinsa ne ke buga gora a bikin shekara na ƙauyen, kakansa kuma shi ya buga kafin uban. Ranar da aka fara koya masa, ba a miƙa masa sanda ba. Uban cewa ya yi ya sa ƙafa a tsakiya, sa'an nan ya haɗe sandunan a kan idon sawunsa, ba da dukan ƙarfi ba, amma dai sai da ya kwana uku yana ɗingishi. "To, yanzu ka san abin da za ka riƙe," in ji uban. Wannan ne karatun da ya fi zama masa a kai, domin makaranta bai wuce aji huɗu ba.

Yana da shekara talatin da ɗaya ya sauka Kuwait da takardar aikin walda. Wani kamfani mai ƙera ƙofofin ƙarfe da tankunan ruwa ya ɗauke shi, kuma a nan ya tsufa, tsakanin tartsatsin wuta da kukan injin gurzar ƙarfe. A farkon zuwansa ba a raba wa ma'aikata abin toshe kunne. Da aka fara rabawa kuwa, sai ya ce shi ba jariri ba ne da za a cusa masa auduga. Ya baro matarsa Natividad da ɗa guda a gida. Duk shekara biyu yakan je ya yi wata ɗaya, ya ƙara ɗaki ko rufi a gidan bulon da yake gina mata, ya dawo. A shekararsa ta goma sha bakwai a Kuwait wata guguwa ta taso daga teku ta bi ta kan ƙauyen. Gidan ba a ga ko tubalinsa ba, Natividad kuwa sai bayan kwana tara aka tsince ta a gonar kwakwar wani mutum. Ɗan ya tsira domin yana Manila yana tuƙin mota, kuma tun daga lokacin gaisuwarsu ta koma daga Kirsimeti sai Kirsimeti. Manong Teryo ya je ya yi jana'iza, ya komo bakin injinsa. Bai ƙara zancen komawa gida ba. Gida ya zame masa waɗannan awa uku na yammacin Juma'a.

Sandunan nasa na asali ne, daga Leyte, wani ɗan'uwansa ma'aikacin jirgin ruwa ya kawo masa, kowace ta kai kamu shida. Iskar Kuwait ba ta ƙaunar gora. In aka sake ta sha zafi sai ta tsage, tsagaggiyar gora kuwa wuƙa ce. Saboda haka yakan naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhun algarara, ya ajiye ƙarƙashin gadonsa, ya shafe su da man kwakwa duk mako. Da aka ba shi shawarar ya koma amfani da bututun roba kamar yadda sauran ƙungiyoyi ke yi, sai ya ce ranar da ya ga an yi sallar coci da tasar wanki, ranar zai buga bututun ban-ɗaki.

Gora ba ta buguwa da mutum ɗaya. Wanda ke durƙusawa a ɗaya ƙarshen shi ne Apolonio, direban tankar ruwa, mutum mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, wanda ake kira Polon. Shekara ashirin da biyu suka yi suna fuskantar juna, suna kiran juna Pare, kamar yadda aminai ke yi.

"Pare, gimbiyoyin naka sun yi wanka yau?" haka Polon ke tarbarsa in ya shigo da sandunan a kafaɗa.

"Sun yi. Sun fi ka yawan wanka, kai da kake yawo da ruwa tanki guda."

"Ruwan sayarwa ne. Ka taɓa ganin mahauci ya cinye sansa?"

"Naka cikin ya nuna ka cinye har ƙahon."

Kurumtar ba rana ɗaya ta zo ba. Siraran sautuka ne suka fara tafiya: kukan tsuntsaye, fiton butar shayi, ƙarar waya. Kakkaurar murya da dukan guduma yana jin su har yanzu, in kuma mutum yana kusa da shi, yakan cike abin da ya kuɓuce masa da kallon leɓe. Abin da bai gane ba sai ya gyaɗa kai kawai, mutane su ɗauka ya ji. Amma kiɗan rawar na bandurriya ne, wata 'yar garaya mai siraran tsirkiyoyin ƙarfe, kuma wata Juma'a ya ɗaga kai ya ga yatsun makaɗin suna rawa a kan tsirkiya, shi kuwa ko ɗis.

Da farko abin bai zame masa matsala ba, domin a al'adar ƙauye ba mai bugu ke bin makaɗi ba, makaɗi ne ke bin mai bugu. Makaɗin ƙungiyar, wani tela, kafaɗun Manong Teryo yake kallo: in sun yi sauri ya yi sauri, in sun sassauta ya sassauta. Sai shagon telan ya rufe, ya koma gida. Wani mai jita da ke taya shi ya sami hanyar Kanada. Ƙungiyar ta wayi gari ba makaɗi ko ɗaya, aka koma saka kiɗan daga waya zuwa lasifika. Kiɗan waya kuwa ba shi da ido. Ba ya kallon kafaɗar kowa, inda aka tsara zai yi sauri, nan zai yi.

Daga nan Polon ya zama kunnensa. Gora tana kai saƙo: in Polon ya ɗan ƙara nauyin hannu, Manong Teryo zai ji a tafinsa, ya san sauri ya zo. A ido shi ne ke ja, Polon na bi, domin babba ke ja a wannan sana'a. A zahiri kuwa an juya. Ba su taɓa yin zancen ba, shekara huɗu cur.

Sai gwajin lafiya na sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ya nuna wani tabo a huhun Polon. Aka ba shi mako biyu ya tattara. Ranar Juma'arsa ta ƙarshe, bayan an ci taliyarsu ta pansit an yi hotuna, ya ja amininsa bayan rumbun, inda wata tsohuwar taya take, suka zauna da la'asar. Ya kawo bakinsa kusa da kunnensa.

"Pare, ka gaya musu."

"In gaya musu me?"

"Kada ka raina mini hankali. Shekara huɗu ina jan ka kamar akuya, kana tafe kana hura hanci."

"Hannunka ne ya tsufa yake rawa, ka ɗauka ja kake."

"To, na ji. Amma an ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kai naka kunnen ba ya ji, jikin da ke tsakanin sandunan kuma ba naka ba ne."

Manong Teryo ya dubi ƙasa. Can ya ce, "In na faɗa, me zan zama? Tsohon da ake ba kujera a gefe, a riƙa miƙo masa shayi? Ran Asabar zuwa Alhamis ni lamba ce a jikin riga. Ran Juma'a kaɗai nake da suna."

"Girman kai rawanin tsiya, Pare."

"Kai dai je ka ka yi tarinka a gida, ka bar ni da rawanina."

Polon ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi, amma da ya miƙe idanunsa sun kaɗa.

Wanda ya gaji gurbinsa shi ne Ruel, wanzami a wani shagon aski, mutum mai kimanin shekara arba'in, mai ladabi har ya yi yawa. Hannunsa mai kyau ne, sai dai bi kawai yake yi, kamar yadda ya dace da ƙarami. Don haka Manong Teryo ya nemo wata dabara. Ya sa aka tura masa kiɗan a wayarsa, yakan ƙure ƙarar ya manna wayar a ƙashin muƙamuƙinsa, inda yake jin bugun kamar tafiyar tururuwa, yana ƙirgawa. Ya haddace shi tsaf: zagaye arba'in da takwas a hankali, talatin da biyu matsakaici, talatin da biyu da gudu. A wurin gwaji kuwa, babban yatsan Manang Pasing, wato Yaya Pasing, yake kallo. Ita ce shugabar ƙungiyar, tsohuwar nas ce da ta yi shekara talatin a asibiti, kuma ita ke danna wayar. Da yatsan ya sauka sai ya fara ƙirge a zuci. Wata biyar ana haka, ko sau ɗaya bai kuskure ba, har ya fara gaya wa kansa cewa Polon surutu ne kawai ya yi masa yawa.

A cikin masu rawa akwai Merlita Sabalza, 'yar Leyte ita ma, mai shekara talatin da huɗu. Aikatau take yi a wani gida mai hawa uku, ita kaɗai, daga shara har renon yara. Juma'a ɗaya cikin biyu ake ba ta awa huɗu ta je coci. Takan shiga cocin da gaske, ta yi alamar gicciye, ta fito ta kama motar Shuwaikh da gudu. Ta bar 'ya'ya mata biyu a wurin mahaifiyarta, kuma da ƙafafun nan nata, masu hawa bene sau hamsin a yini, suke ci suke karatu. A bakin ƙofar rumbun takan shigo a gajiye, kafaɗa a sunkuye. Da ta tuɓe takalmi ta shiga tsakanin gora sai ta koma wata halitta daban, kamar ƙasar ce ke ƙona mata tafin sawu.

Da bikin ranar 'yancin ƙasarsu na watan Yuni ya matso, inda ƙungiyoyi goma sha biyu za su yi wasa a wani babban zaure da aka yi haya, Merlita ta zo ta tsuguna a gabansa.

"Manong, bana so nake in yi ta da ɗaurin ido."

Wannan ita ce ƙololuwar rawar. Ana ɗaure wa mai rawa idanu da ƙyalle, ta shiga gora da kunne kaɗai, ta dogara ga kiɗa da kuma hannun masu bugu.

"Inday," in ji shi, yadda ake kiran ƙanwa a Leyte, "wa kike so ki burge? Uwar ɗakinki?"

"Wai! In ta gani ai sai ta ce in riƙa goge bene da ido rufe, tunda na iya." Ta yi dariya, sa'an nan ta sassauta murya har sai da ya bi leɓenta. "'Yata babba ce. Ta ce wa ƙawayenta uwarta wankin masai kawai ta iya. Ina so a ɗauka a waya in aika mata. Za ka riƙe ni, Manong?"

Saura kaɗan ya gaya mata gaskiya. Ya dubi idon sawunta, siriri kamar na ɗan tsako, ya tuna kwana ukun da ya yi yana ɗingishi. Sa'an nan ya ga sauran mata sun yi shiru suna kallonsa.

"Shekara ashirin da shida," in ji shi, "kin taɓa jin wadda ta yi ƙara a hannuna?"

"Ban taɓa ba."

"To, nemo ƙyallenki."

Mako guda kafin bikin, ana cin dafaffen naman adobo da shinkafa bayan gwaji, Manang Pasing ta kawo farantinta ta zauna kusa da shi, ta gefen damansa, inda ya fi ji.

"Manong, zauren nan babba ne, ba kamar nan ba. Akwai wani abu da kake so mu shirya maka? Ko wani ya zauna kusa da kai, ko wani abu dai?"

"Ya zauna ya yi mini me? Fifita?"

"A'a, na ce ko da wani abu ne."

"Ki ce su share dandamalin da kyau, kada a bar tsakuwa. Shi ke nan."

Ta dube shi. Sai ta ƙara masa nama a faranti.

Ranar bikin zauren ya cika maƙil tun azahar. Masu aikatau da direbobi da nas-nas da leburori, kowa ya ci ado, ana ta ɗaga waya. Jawabai suka cinye lokaci, hayar zauren kuma ƙarfe biyar za ta ƙare. Sai masu shirya bikin suka umarci mai kula da na'urar sauti, wani ɗan sa-kai daga wata ƙungiya, ya rage tsawon kowane wasa. Mutumin ya duba kiɗan tinikling, ya ga farkonsa maimaici ne, ya datse zagaye goma sha shida daga ciki. Bai yi da mugunta ba. Lokacin da ya leƙo ya faɗa, har an shimfiɗa gora a dandamali, masu bugu sun durƙusa, Manang Pasing tana can ƙasa an ba ta wayar ta danna, an kuma riga an ɗaure wa Merlita ido. Ruel ne ya fi kusa da shi, shi ya ji, Merlita ma ta ji.

Ruel ya dubi dattijon a ɗaya ƙarshen, kamu shida tsakaninsu, ya ɗaga murya cikin hayaniyar zauren: "Manong, an rage farkon! Talatin da biyu, sai sauri!"

Manong Teryo ya ga leɓen wanzamin yana motsi. Ya ɗauka fatan alheri yake yi masa, ko tsoro ne ya kama shi. Ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ya saba, har da ɗan murmushi. Ruel ya so ya tashi ya zagaya ya faɗa masa a kunne, amma yaya ƙarami zai miƙe a gaban mutum dubu ya yi wa babba ihu a kunne? Kuma ai ya gyaɗa kai. Yatsan Manang Pasing ya sauka.

Biyu a ƙasa, ɗaya a haɗe. Merlita ta shiga, siket ɗinta a tattare a hannu, jan ƙyalle a idonta, ƙafafunta suna sauka suna tashi kamar ba su taɓa ɗaukar bokiti ba. Zauren ya ɗauki tafi, yana bin kiɗan da manyan lasifikoki ke zubarwa, har ƙarar gorar ta nutse a ciki. Manong Teryo yana ƙirge, idonsa a kan sawunta. Talatin. Talatin da ɗaya. Talatin da biyu.

Sai ya ga ƙafar ta canja. Ta yi gaba, ta riga sandar. A tafinsa kuma ya ji Ruel yana fizga, yana neman ya yi sauri. Abin da ya zo masa shi ne wanzamin ya ruɗe, ya ruɗa yarinyar, saura zagaye goma sha shida kafin sauri. Ya ƙanƙame sandunan da hannun da ya shekara ashirin da shida yana lanƙwasa ƙarfe, ya danne fizgar, domin ya maido da kowa kan hanya. Sandunan suka karkace, bakin Ruel a buɗe, nasa yana rufewa. Merlita ta tsallake na farko da ikon Allah. Ta tsallake na biyu. A na uku Manong Teryo ya haɗe su da dukan ƙarfinsa, don Ruel ya ji a jikinsa inda bugun yake.

Bai ji ƙarar da ta yi ba. A hannunsa ya ji abin, wani taushi a inda ya kamata itace ya gamu da itace, sa'an nan wani ɗan ƙas da ba na gora ba. Ta faɗi a kan sandunan, ƙyallen yana idonta, tana lalube da hannu. Ya ga bakunan mutane a buɗe, ya ga wayoyi a sama har yanzu suna ɗauka.

Ƙashi biyu ne suka karye a idon sawun hagu. A asibiti aka kira gidan da take aiki, nan suka san cocin da take zuwa. Ba su yi mata faɗa mai yawa ba. Sun dai ce gida mai hawa uku ba ya zama da mai sanda, likita kuma ya ce wata huɗu kafin ta taka, in ma ta taka daidai. Aka soke iƙamarta, aka yanka mata tikiti. Mako uku Manong Teryo bai je rumbun ba, bai kuma sami ganinta ba, domin daga asibiti ofishin dillalan aiki aka kai ta. Manang Pasing ce ta aiko masa da rana da lokacin jirgin a rubuce.

Ya nemi izinin rabin yini, ya isa filin jirgi da hantsi da kayan aikinsa a jiki. Ya same ta a keken guragu kusa da layin awon kaya, ƙafar a miƙe cikin farin filasta, akwati ɗaya da kwali ɗaya a gefenta. Manang Pasing tana tsaye a bayanta. Ya cire hularsa, ya durƙusa a kan tayil ɗin, yadda ya saba durƙusawa.

Merlita ta yi magana. Lasifikar filin jirgi tana ta sanarwa, kanta kuma a sunkuye, bai ga leɓenta ba. Wuyansa ya fara sauka zai gyaɗa, sai ya tsayar da shi.

"Inday," in ji shi, "ban ji ba. Ba na ji. Na yi shekara biyar ba na jin kiɗan nan."

Ta ɗago ta dube shi. Ta yafito shi da hannu, ya matso, ta kawo bakinta kusa da kunnensa na dama, ba tare da ta tambayi wanne ne mai ji ba.

"Mun sani, Manong."

Ya ja baya ya dube ta.

"Duk mun sani. Manong Polon ya tara mu kafin ya tafi. Me kake tsammani ya sa Manang take ɗaga wayar sama in za ta danna? Me ya sa ba mu taɓa canja kiɗan ba, ko da ya ishe mu?"

Ya juya ga Manang Pasing. Ta kawar da kai tana share ido da bakin gyalenta.

"To, me ya hana ku faɗa?" Muryarsa ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya nufa, har wasu matafiya suka waiwayo.

"Mu faɗa wa wa? Kai? Ka haife mu, Manong. Wa zai dubi idonka ya ce maka kurma? Jira muke ka faɗa da bakinka, mu ce ba komai, mu sa mutum a bayanka yana taɓa maka kafaɗa. Abin da muka shirya ke nan tun bara. Har an zaɓi wanda zai zauna."

"Kin sani, kuma kika ɗaure idonki."

"Na tambaye ka. Na ce za ka riƙe ni? Na ce a raina, in ba zai iya ba, yau dai zai faɗa, tunda ƙafata ce." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kai ka ji kunya, mu muka ji kunyarka, ni na biya."

Ya ce ta yafe masa. Ta daɗe tana kallon filastan.

"Zan yafe, Manong, amma ba yau ba. Yau ƙafar tana zugi, kuma ban san abin da zan gaya wa mahaifiyata a kan kuɗin makarantar yara ba. Ka bari sai na ga yadda zan taka."

Ma'aikacin jirgi ya zo ya kama keken. Manang Pasing ta rungume ta, ta cusa mata ƙunshin busasshen abinci a cinya. Manong Teryo ya ɗauki kwalin ya ɗora a kan ma'auni, shi ne kaɗai abin da ya samu ya yi mata. Aka tura ta ta ƙofar da ba a bin matafiyi, ba ta waiwayo ba.

Labarin da ya zo daga baya shi ne ƙashin ya haɗe a karkace. Tana sayar da soyayyar ayaba a bakin wata makaranta a garinsu, a zaune. Ƙungiyar Shuwaikh tana nan, Ruel ne ke ja yanzu, da wani direba, kuma an hana ɗaurin ido. Manong Teryo yana nan a kamfanin ƙofofi, saura shekara biyu iƙamarsa ta ƙare. Yakan zo wasu Juma'o'in ya zauna a benci daga baya. Duk wata yakan sa Manang Pasing ta tambayar masa Merlita ko ƙafar ta daina zugi, kuma har yanzu amsar da ke dawowa ita ce, da sauƙi, sai in an yi ruwa.